Likkafanin Baba Alhaji

Zangon Hausawa, Kandi,
ƙasar Benin.

Zuwa ga Yayata Jummai, a Bahindi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Abdulganiyu da su Hamdiyya. Ya haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya kyauta namu zuwan.

Damina uku ke nan rabona da kwana a Geza, Yaya, kuma a cikinsu ban taɓa zama na rubuta wa kowa takarda ba. Yau dole ta sa. Wayar gida tana aljihun Yaya Lauwali, in na kira sai ya buɗe murya kowa na tsakar gida ya ji. Ke kuma sai kin hau tudun makaranta ake samunki, maganar kuwa ba ta tsayuwa bisa tudu ba ce. Na ba Na'Allah direba, mai jigilar albasa tsakanin nan da Tsamiya, ya ce zai sa a kawo miki hannu da hannu.

Na ji abin da ake faɗa a kaina. Matata Dela ta ari waya ta gaya mini tana kuka. Wai Inna ta ce a gaban masu ta'aziyya na turbuɗe ubana a ƙasar mutane kamar wanda ba shi da kowa, na ƙi jiran likkafaninsa don ina sauri in koma gyaran injina. Mata na shiga su gaida Inna, su wuce ƙofar Dela kamar ba mutum a ciki. Ɗiyata Fatiha ta daina zuwa rijiya, don yara sun laƙa mata ɗiyar Mai-sauri. Yarinyar da ba ta ko san mene ne likkafani ba.

To ki ji nawa, ke kaɗai nake da ita mai sauraro har ƙarshe.

Kin san yadda Baba ya zo hannuna. Da ciwon fitsarin ya tsananta, Yaya Lauwali ya kawo shi bakin iyaka ya miƙo mini shi kamar saƙo, ya ce asibitin nan ya fi, shi kuma shinkafa na jiransa a fadama. Na karɓe shi, ubana ne. Ni na kwana ƙasa gefen gadonsa, ni na juya shi, ni na wanke shi. Ranar Alhamis bayan sallar asuba ya cika, hannunsa cikin nawa, da kalmar shahada a bakinsa. Wannan kam na gode wa Allah.

Nan take na kira gida. Yaya Lauwali ya ce a kawo shi Geza. Na fita nema. Likita ya ba ni takarda, anka ce sai an kai ta wani ofis an buga hatimi, can anka ce sai an kai wani ofishin, duk da Faransanci, ni kuwa Faransancina na kasuwa ne. Mai hatimin ƙarshe ya tafi ƙauyensu, sai Litinin. Direban da na samu ya ce ba ya ƙetare iyaka da gawa sai a cikin akwati an buga ƙusa. Baba Alhaji, a cikin akwati da ƙusa! Ga bazara, kin san yadda take, tun hantsi ƙasa na ƙona tafin ƙafa. Na sake kira na faɗi haka, Yaya Lauwali da bakinsa ya ce to a rufe shi nan. Sai ya ƙara da cewa kada a kuskura a sa shi a rami sai likkafaninsa ya iso, yanzu zai ba Shamsu mai kabu-kabu, ƙanen matarsa, ya kawo.

Ba sai na gaya miki darajar wanga yadi ba. Tun muna yara muke ganin Baba na fiddo shi daga adaka kafin kowane azumi, ya shanya, ya ninke, yana ba mu labarin yadda ya tsoma shi cikin ruwan Zamzam da hannunsa shekarar da ya yi aikin Hajji. Duk Geza an san shi. Ni ma ina so a rufe shi da shi, wa zai ƙi? Na ce mun jira.

Mutanen zango, Allah ya saka musu. Kafin rana ta take sun gama haƙa, sun yanko itacen rufi. Liman ya yi wanka, ni ina zuba ruwa. Munka kwantar da Baba a zauren Liman, munka lulluɓe shi da zane. Na kira, anka ce Shamsu ya taso. Anka yi azahar, na kira, anka ce yana Tsamiya. Na sake kira, anka ce yana shinge ana duba takardun babur. Mutane sun rufe shagunansu tun safe suna zaune a rana, kowa sai ya dubi sama ya dube ni. Na je wurin masu sayar da kifi na sayo ƙanƙara, munka jera gefensa. Ƙanƙarar kifi, Yaya. Ina zaune ina kore ƙuda daga fuskar ubanmu, ruwa na bin ƙasan tabarma.

Da anka yi la'asar Liman ya ja ni gefe. Dattijo ne mai kunya, bai faɗa kai tsaye ba, ya ce dai mamaci na da haƙƙi a kanmu, kuma jikin ya fara nuna ya gaji da jira. Ni ma hancina ya riga ya gaya mini. Na kira har sau nawa, wayar Yaya Lauwali a kashe. Sai Hamma tela ya yanko farin yadi daga shagonsa, ya ƙi karɓar ko sisi. Munka yi masa sutura, munka yi salla, sahu ya cika har bakin hanya. Ni na shiga ramin na karɓe shi. In wannan ne sauri, to na yi sauri.

Shamsu bai iso ba sai washegari bayan an sauko Juma'a. Ya miƙo mini ƙunshi, ya sha ruwa, ya juya, ko kabarin bai nemi gani ba.

Ga abin da ya hana ni barci. Na kwance ƙunshin, Yaya, ba likkafanin Baba ba ne. Na Baba ya yi laushi don tsufa, farinsa ya ja kamar madara, kuma akwai tabon miski a kusurwa ɗaya inda kwalba ta taɓa zubewa, ke ma kin sha duka a kan wannan kwalbar. Wanga kuwa sabo ne fil, yana ƙara in an taɓa shi, da shuɗin tambarin kamfani a bakinsa. An dai yayyafa masa turare.

Ban gaya wa kowa ba, ko Dela. Kada ki yi wa Inna maganar, tana cikin takaba, abin da ke kanta ya ishe ta. Ina dai so wani nawa ya sani.

Ki gaida Malam, ki shafa mini kan yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki,
Arzika.

*

Kandi.

Yaya Jummai,

Sallama da gaisuwa. Ina fata jikin Hamdiyya ya yi sauƙi, Na'Allah ya ce mini zazzaɓi ya kwantar da ita. Allah ya ƙara afuwa. Amsarki ta iso, na karanta har takardar ta fara yagewa a ninki. Na gode da kika yarda da ni ba tare da kin ga yadin ba.

Na sami bakin zaren. Na aika wa Yaya Lauwali cewa in bai kira ni daga inda ba kowa ba, zan kira shi daga inda akwai kowa. Sai ga kiransa daga fadama, ina jin kukan injin ban-ruwa a bayansa.

Ambaliyar bara waccan ce. Ya ce da ruwa ya shigo gari ya fara fid da buhunan shinkafa, ya koro awaki, ya goyo Baba a bayansa har makarantar firamare inda mutane sunka taru. Adaka na ƙarƙashin gado, ba wanda ya tuna da ita. Da ruwa ya janye ya buɗe, ya tarar yadin ya yi baƙi da funfuna, yana ɗagawa yana rabewa kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Lokacin idon Baba ya riga ya tafi, ya daina fiddo shi, sai dai ya lallaɓa ya dafa murfin adakar ya yi addu'a. Shi ke nan anka bar shi yana dafa adakar da ba komai a ciki.

Ranar rasuwar, da ya ce mini Shamsu ya taso, shi kansa ne ke kan hanyar Bagudo neman farin yadi. Mai shagon ya tafi jana'izar wani, ya zauna jiransa. Da ya ce mini Shamsu na shinge, lokacin shi yake neman turare. Da ƙarya ta ƙare masa sai ya kashe waya.

Zan faɗi gaskiya ko a kan wanda ya cuce ni. Da ni ne a gidan ranar ambaliya, ni ma buhunan zan fara ɗauka, yadi ba ya ciyar da gida. Kuma mutumin da ya goyi ubansa cikin ruwa har ƙirji ba a ce masa marar imani. Ruɓewar yadi ba ta ƙona mini rai ba, kayan duniya ne. Abin da ba ya wuce mini shi ne wunin da ya sa ubanmu ya yi a kan ƙanƙarar kifi, don kawai bakinsa ya kasa furta kalma biyu tun da safe. Da ya ce mini babu shi, da kafin azahar Baba na makwancinsa da mutuncinsa. Na gaya masa haka. Sai ya ce in rufa masa asiri don darajar Inna, shi ne babba, shi ke zaune da ita, in ta sani da wane ido zai dube ta. Na ce ni fa, da wane ido take dubana? Ya ce ai ni ina nesa. Kin ji, Yaya. Nisa ma ya zama gata.

Ana cikin haka sai ga saƙon Inna ta bakin matarsa. Ba gaisuwa, ba ya ka ji da hidima. Wai tunda na hana mai shi, in maido mata da likkafanin, da shi za a rufe ta in tata ta zo. Ta faɗa a gaban mata, kowa ya ce madalla.

Na rasa inda zan sa kaina. In na aika da shi yadda yake, na sa hannu a rufe uwata da yadin kasuwar Bagudo tana zaton na Makka ne. In na fasa ƙwai, na raba ta da ɗan da ke ba ta tuwo, ta kuma san mijinta ya yi shekara biyu yana addu'a a kan adaka wofi. Na kai wa Liman maganar ba tare da na kama suna ba. Ya yi dariya irin ta manya, ya ce yadi bai taɓa amsa tambayar kabari a madadin kowa ba, amma zuciyar tsohuwa ma abin lallashi ce. Ya ce in ana son yadi ya sha Zamzam, ai Zamzam ba ta ƙare a duniya ba.

Akwai wani Alhaji mai injinan niƙa a nan da ya dawo Umra da azumi. Na je na roƙe shi. Ya ce subhanallahi, shi ba ya sayar da Zamzam, haramun ne a wurinsa, sai dai injinansa biyu sun tsaya tun kafin ya tafi. Na gane karatun. Mako guda na yi cikin baƙin mai, na sauke su na ɗora, har da kayan gyara daga aljihuna. Ran da sunka tashi ya ba ni kyautar 'yar kwalba, wadda ba ta kai ta maganin tari ba.

Na yanke bakin da ke da tambari, na wanke yadin har ya saki, na zuba Zamzam ɗin cikin ruwa mai tsabta a sabuwar roba, na tsoma shi da bisimilla, na shanya a ɗaki don kada a tambaye ni. Yanzu in an ce ya sha Zamzam, ba a yi ƙarya ba. In an ce na Baba ne, ba da bakina ba.

Sunana dai yana nan inda Inna ta ajiye shi. Dela ta ce ran sadakar bakwai ita ta daka gumba tun safe, da anka zo rabo sai anka ba wata ta raba. Ki leƙa ta in kin shiga Geza, don Allah, ko zama ki yi a ɗakinta mutane su gani.

A gaida Malam da kyau. Na gaji, Yaya, amma lafiyata lau.

Naki,
Arzika.

*

Kandi.

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyar gida da ta yara. Alhamdu lillahi da Hamdiyya ta miƙe. Ƙunshin da kika ba Na'Allah ya iso, da takardarki a ciki.

Na ce kada ki yi wa Inna maganar, kika yi. Da farko na ji haushinki. Da na kai ƙarshen takardar sai na rasa wanda zan ji haushi, na fita na zauna bakin shago har anka kira magariba ban ɗaga ko ƙusa ba.

Ashe ta sani. Ashe tare sunka buɗe adakar, ita da Yaya Lauwali, ita ce ma ta haƙa rami bayan ɗaki ta binne ruɓaɓɓen yadin da hannunta don kada Baba ya ji wari ya tambaya. Ni ina nan ina shan baƙin mai don in kare zuciyar tsohuwa daga abin da ita ta riga kowa sani! Shi kuma yana roƙona in rufa masa asiri a wurin wadda sunka ƙulla asirin tare. Wallahi da na karanta wurin sai da na yi dariya, irin wadda ba ta da daɗi.

Na yi ta juya dalilin da ta ba ki. Mata sun cika ɗaki, kowace na tambaya ko an rufe Alhaji da na Makkan, ita kuma ta kasa cewa ta bar likkafanin mijinta ya ruɓe a ƙarƙashin gadon da take kwana. Sai ta duba wa za ta aza wa, ta ga wanda ke ƙetaren iyaka, ta ce magana ba za ta kai can ba. Ta manta na bar mata mata da ɗiya a tsakar gidanta. Da bakinta ya riga ya furta, sai ƙarya ta nemi 'yar'uwa, shi ne har da cewa a maido mata da shi.

Ba zan ce ban gane ba. Na san Geza, na san bakin matan Geza, da an ji gaskiya har ta mutu ana nuna ta da leɓe. Tsohuwa ce, mijinta ya mutu inda ba ta ga gawarsa ba, tsoro ya kama ta. Amma ni ma ɗanta ne, Yaya. Ba daga kogi anka tsamo ni ba.

Kin ce ta yi kuka. Kin ce ta kira Dela ɗakinta sun ci tuwo ƙwarya ɗaya a gaban baƙi, ta zaunar da Fatiha tsakanin ƙafafunta ta yi mata kitso, kuma ita ta ɗaura busasshen kifin nan da daddawa ta ce a kawo mini. Amma ta ce ba za ta iya tsayawa gaban mutane ta janye maganarta ba. Na karɓa. Na san a wurin Inna wannan shi ne ban-haƙuri, ba ta da wani. Ban ce ya ishe ni ba, na dai karɓa. Na sa kifin a miya jiya, na ci, ya yi daɗi, haushin ma ya ƙaru.

Abu ɗaya ki lura da shi. Tun ranar da Baba ya rasu ake maganar yadi, an yi kuka a kansa, an yi ƙarya a kansa, an ɓata ni a kansa. Har yau ba wanda ya tambaye ni ta wane gefen maƙabarta ubanmu yake kwance. Yana gabas, kusa da wata bishiyar kirya. Na kafa guntun ƙarfen inji wajen kansa don kada ya ɓace. Ki riƙe wannan, ko da wata rana wani zai so sani.

Zan zo sadakar arba'in, ni zan kawo yadin da kaina in sa a hannun Inna. Ba zan tona kowa ba, ki gaya mata ta kwantar da hankalinta. Abin da nake nema wurin Yaya Lauwali kaɗan ne: in maza sun taru ƙofar gida, ya ce jinkirin daga Geza ya zo, Arzika ya jira har inda ake jira. Ba sai ya ambaci ambaliya ko kasuwar Bagudo ba. In ya faɗa, Fatiha ta koma rijiya da sunanta. In ya kasa, ba zan faɗa a madadinsa ba, zan zauna kusa da shi a tabarma ɗaya in karɓi gaisuwa, kowa ya dube mu, shi kuma ya san abin da na sani. Daga nan ba inda za ni. Na ga abin da nisa ke jawo wa mutum, ɗakin Dela ba zai sake zama ba namiji a ƙofarsa ba.

Ki gaida Malam Abdulganiyu, ki ce na gode da ya bar ki kina ta zirga-zirga saboda ni. Allah ya jiƙan Baba, ya ba Inna haƙuri, mu ma ya ba mu.

Kin tambayi abin da na tara, don ki san yadda za a tsara sadaka. Bayan asibiti da ƙanƙara da goron zaman makoki da injinan Alhaji, ga abin da damina uku ta bar mini: buhu ɗaya da rabi na masara, tunkiya guda mai ciki, akwatin kayan aikina, da kuɗin mota zuwa Geza. Na dawowa babu.

Ƙanenki har kullum,
Arzika.